Bututun da Wuta Ta Daɗe Tana Gasawa

Ranar Juma'a ce, maza duk sun tafi masallaci a garin Sara, an bar Rafin Kanya da mata da awaki. Kafin liman ya yi sallama, ɗakin ajiyar ƙungiyar manoman rani ya ƙone ƙurmus. Injinan ban ruwa, bututan roba, buhunan iri, galan-galan na fetur, duk abin da mutanen ƙauyen suka haɗa guminsu suka saya ya koma toka da baƙin kwano. Maza na dawowa suka hango hayaƙi tun daga nesa, kowa ya tattare babbar riga ya sheƙa a guje.

Su kuwa mutanen Rafin Kanya, Allah Ya shirye su, ba su iya yin asara babu mai laifi ba. Tun wutar ba ta gama mutuwa ba aka fara cewa sa ta aka yi. Dagaci Abdulsamad ya share gumi, ya ce a kira masa Badaru.

Badaru mai bin sawu ne, gadon gidansu ne. In akuya ta ɓata ko an fasa rumbu, shi ake nema, amma in an gama sai kowa ya kama gabansa. Wa zai so zaman hira da mutumin da zai dubi ƙasa ya gaya maka inda ka je jiya? Tun da matarsa Mero ta rasu, 'yarsa tilo kuma ta yi aure a Birnin Kudu, shi kaɗai yake cikin gidansa, shi yake dafawa shi yake ci. Mutum ɗaya ne a duk ƙauyen yake zama da shi, wato Sada, wani baƙo daga Maruta da ya zo neman fadama ya zauna. Kullum bayan la'asar sukan zauna a gindin tsamiya su raba goro, wani lokaci har magariba ba wanda ya ce uffan, kuma hakan ya ishe su.

Gaban ɗakin ajiyar ba abin karantawa, mata masu bokiti sun tattake shi kaca-kaca. Badaru ya zaga baya, jama'a na biye da shi kamar tumaki. Can gindin taga ya ga sawu guda: takalmin taya, ƙafar hagu tana ɗan karkata waje. Mai sawun ya zo da gudu, ya tsaya, ya yi diri-diri, ya koma da gudu.

Badaru ya durƙusa ya sake duba sawun. Ya san ƙafar nan kamar yadda ya san tafin hannunsa.

Da shi kaɗai ne, ƙila da ya tsaya ya yi tunani. Amma ga mutane a bayansa suna numfashi, ga sunan da ya yi na cewa bai taɓa ɓatan sawu ba. Ya sunkuyar da kai ya bi, ya bi, har ya tsaya a ƙofar gidan Sada. Tsayuwar tasa ta isa.

Sada ya fito da tsumma ɗaure a ka, idanunsa jajur saboda zazzaɓi. Abdurra'uf, wanda makullin ɗakin ajiyar yake hannunsa, ya keto jama'a yana ɗaga murya.

"Na faɗa! Ba shi ne ya yi faɗa da mu kan rabon ruwa ba? Da safen nan da idona na gan shi yana zagaye ɗakin da galan a hannu!"

Sada bai ko kalle shi ba. Badaru kawai ya zuba wa ido.

"Kai ka kawo su?"

"Sawu ne ya kawo ni," in ji Badaru, muryarsa can ƙasa.

"To, tunda sawu ya yi magana, ni ba ni da ta cewa."

Samari suka yi ca, wasu har sun fara ɗaukar duwatsu. Dagaci ya shiga tsakani, ya sa aka kai Sada wani ɗaki a zauren gidansa aka kulle. Ya ce in Juma'a ta zagayo ba a sami wata magana ba, zai miƙa shi ga 'yan sanda a Gwaram, su san yadda za su yi da shi.

* * *

La'asar ɗin ranar Badaru bai je gindin tsamiya ba. Baƙin ciki ya cika shi, ya rasa inda zai sa kansa. Sawu bai taɓa yi masa ƙarya ba, amma kuma mutumin da ke ɗauke kunama da kara ya kai ta bayan gari don kada ya kashe ta, shi ne zai cinna wa abincin mutane wuta?

Washegari ya fara da Barira, wadda ke suyar awara kusa da ɗakin ajiyar. Tana ganinsa ta dafe ƙirji.

"Malam Badaru, kada ka ce ni! Wallahi na kashe wutata da ruwa kafin azahar. Ni dai na san an daɗe ana neman hanyar tashina daga wurin nan."

"Kwantar da hankalinki, Barira. Dubawa kawai zan yi."

Ya duba. Tsakanin murhunta da bangon ɗakin akwai busasshiyar ciyawa tsaye ƙyam, ko tsinke ɗaya bai ƙone ba. Da daga nan wuta ta taso, da ciyawar ce za ta fara tafiya.

"Ba ki ga komai ba a 'yan kwanakin nan?"

"Gani kam ban gani ba. Amma hancina ya sha wahala. An jima ina jin wani wari mai yaji, kamar ana ƙona tsohon silifa. Har na zargi man suyata, na yi wa mai kanti tas a banza."

Daga nan ya wuce gidan Abdurra'uf. Shi kuwa sai haba-haba, ga tabarma ga shayi, baki ya ƙi rufuwa. Ya ce tun ranar Alhamis ya kulle ɗakin, ba wanda ya sake shiga. Sannan ya matso ya rage murya: ai shi a ganinsa Sada ba shi kaɗai ba ne, akwai wani dillalin injina a Gwaram da ya daɗe yana son ƙungiya ta sayi sababbi a wurinsa.

Badaru ya hau acaɓa har Gwaram. Ya tarar da shagon a rufe, maƙwabta suka ce mai shi yana kwance a asibiti a Kano tun kafin a cire gero, ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Ya dawo da yunwa da ciwon baya, bai ƙaru da komai ba.

Ya roƙi Dagaci aka buɗe masa ɗakin da Sada yake. Ya yi sallama, Sada ya amsa don sallama ta Allah ce, sannan ya juya fuskarsa bango.

"Sada, gaya mini abin da ya kai ka wurin."

Sada bai juyo ba.

"Don Allah."

"Yanzu kake tambaya?" Abin da ya ce ke nan, bai ƙara ba.

* * *

Tunda masu rai sun ƙi magana, Badaru ya koma wa toka. Ya yini yana tonon kango da sanda. Bututan ban ruwa, waɗanda da farare ne sol, duk sun narke sun cure sun yi baƙi ƙirin. Ya fasa ɗaya da dutse, ya ga baƙin a waje kawai yake, cikin naman robar da sauran farinsa.

A kusurwar gabas bangon ƙasa ya rufto tun farkon gobarar, ya danne abin da ke ƙarƙashinsa, harshen wuta bai kai gare shi ba. Nan ya zaro wani bututu da bai narke ba. Sai dai launinsa ya ba shi mamaki. Gefe ɗaya fari ne, sai ya koma ruwan ɗorawa, sai ja kamar tofin goro, har ya ƙare da ruwan ƙasa mai duhu a ɗaya bakin. Ya sa wuƙa ya yanka. Launin ya ratsa har ciki.

Ya daɗe yana juya shi a hannu. Ya tabbata wannan ma sawu ne, sai dai na wata dabba da bai sani ba. Mutum ɗaya ya sani da za ta iya karanta shi, ita ce kuma wadda ya fi jin nauyin zuwa wurinta.

* * *

'Yarsa Khairiyya 'yar fari ce, don haka Badaru bai taɓa kiran sunanta ba, bai kuma taɓa cin abinci a gidan aurenta ba. Malamar kimiyya ce a wata sakandare a Birnin Kudu, tana kuma ƙaro karatu a jami'a. Ya taɓa jin tana gaya wa uwarta cewa bincikenta a kan robar bututu ne da abin da zafi ke yi mata. A lokacin har ya yi dariya a ransa, ya ce yanzu roba ma sai an je jami'a.

Da aka ce mata ga mahaifinta a zaure, ta fito ko takalmi babu.

"Baba! Lafiya? Wa ya rasu?"

"Lafiya lau. Ke, dubi wannan."

Ta karɓi bututun, ta dubi inda ya yanka, sai fuskarta ta sauya. Ta shiga ciki ta fito da wani faranti jere da 'yan guntayen roba, daga fari zuwa ɗorawa zuwa ja zuwa baƙi.

"Waɗannan ni na gasa su da hannuna a ɗakin gwaji, Baba, wasu kaɗan, wasu na daɗe. Ka ga robar nan, a cikinta kamar dogayen sarƙoƙi take. In zafi ya taɓa ta, sai ta riƙa sakin wani iska mai yaji, wanda ke shaƙe mutum."

"Kamar ana ƙona silifa?"

"Kusan haka. To duk inda iskan ya fita, ƙullin sarƙar yakan sauya, kuma sauyin yana bin layi, wannan ya ja na kusa da shi. In layin gajere ne, ido ba ya ganin komai. In ya yi tsawo sai ya fara shanye wani ɓangare na haske, robar ta yi ɗorawa. Ya ƙara tsawo da yawa, ta yi ja, har ta yi duhu. Amma ido yana ruɗi. Bari in kai wa na'ura."

Ta kankare ɗan kaɗan daga kowane launi, na waje daban na ciki daban, ta haɗa da guntun baƙin da ya narke. Washegari da sassafe ta shiga mota zuwa jami'a. Badaru ya yini a zauren surukinsa yana kallon ƙafafun masu wucewa. Aka kawo masa tuwo ya ce ya ƙoshi, alhali cikinsa na kuka.

Da yamma ta dawo, ta zauna nesa kaɗan da shi, ta miƙo masa wayarta. Hoton wasu layuka ne masu hawa da sauka.

"Narkar da robar muke yi a wani ruwan magani, sai na'urar ta haska shi da haske iri-iri, ta auna wanda aka shanye. Kowane ɗan tudu da ka gani, tsawon layi ne daban. Dubi na wanda gobara ta ci: wajensa gawayi ne, cikinsa kuwa kusan shafe yake, zafin bai sami lokacin shiga ba. Yanzu dubi naka. Tuddai ne jere kamar haƙoran mataji, kuma na ciki da na waje kusan ɗaya suke."

"Ma'ana?"

"Ma'ana wani abu mai zafi ya daɗe kusa da bakin bututun nan yana gasa shi a hankali. Ba zan iya ƙirga maka kwanaki ba, ba zan kuma iya ce maka wane ne ba. Amma wannan ba aikin wutar rana ɗaya ba ne. Akwai wuta a ɗakin nan tun kafin gobara."

Badaru ya yi ajiyar zuciya mai nauyi. Ya miƙe ya saɓa bututunsa.

"Baba, ka ƙara kwana mana. Gidan can wa ke jiranka?"

Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Allah Ya yi miki albarka," ya ce, ya fita.

* * *

Da gari ya waye ya koma kusurwar gabas. Ya ɗauke ɓaraguzan bangon ɗaya bayan ɗaya, ya sa tsintsiya ya share a hankali. Daidai inda bakin bututun mai duhu yake kwance, sai ga fasassun kasko da ragowar gawayi. Gefe kaɗan kuma, inda ruwa ya taɓa zuba ƙasa ta yi laushi, zafin kaskon ya gasa wurin ya yi tauri kamar tukunya. Badaru ya durƙusa ya hure ƙurar. Wannan karon sawun da ya gani ya san mai shi sarai. Ya sa wuƙa ya ɓamɓaro wurin, ya naɗe a hularsa.

* * *

Ranar Juma'a da hantsi aka taru a ƙofar Dagaci. Aka fito da Sada, ya rame, ya zauna can gefe. Barira na raɓe da bango ta ja mayafi. Abdurra'uf na sahun gaba cikin sabuwar shadda.

Badaru ya ajiye bututun a tsakiya, ya faɗi abin da 'yarsa ta gani, a taƙaice, don shi ba mai dogon zance ba ne.

Abdurra'uf ya yi dariya. "Haba Malam Badaru! Rana ce ta dafa shi. Wa bai san bututu yana yin ja a gona ba?"

"Na tambaya. Rana fata take ci, ba ta shiga nama. Kuma rana ba ta zaɓar baki ɗaya ta bar ɗaya." Badaru ya juya gare shi. "Ka ce tun Alhamis ba wanda ya shiga ɗakin?"

"Ko ƙuda."

"Dokar ƙungiya ta hana shiga da wuta saboda fetur?"

"Ni na fi kowa tsare ta."

"To wa yake ba waɗannan ruwa?"

Ya warware hular, ya ajiye gasasshiyar ƙasar a gaban Dagaci. Mutane suka yi dafifi suna leƙe. Ƙananan sawaye ne masu yatsu uku-uku, birjik, wani kan wani.

"'Yan tsaki!" in ji Barira, ta saki mayafin. "La ilaha illallahu! Ashe su nake ji, ina cewa tsuntsaye ne a rufin kwano!"

"Rainon 'yan tsaki ake yi a ɗakin ƙungiya," in ji Badaru, "da kaskon gawayi saboda sanyi. Makulli kuwa ɗaya ne."

Mai kaza a aljihu, ai ba ya jimirin as. Gumi ya jiƙa sabuwar shaddar Abdurra'uf. Daga ƙarshe ya zube a gaban Dagaci yana rantse-rantse cewa tsautsayi ne. A gida sanyi ke kashe masa su, shi ya sa ya kai su can. Ranar kuma da yake zai daɗe a masallaci sai ya ƙara gawayi ya cika kaskon.

"Galan ɗin da ka gani a hannun Sada fa?" in ji Dagaci.

Abdurra'uf ya sunkuyar da kai. Samarin da suka ɗauki duwatsu ran nan kowa ya shiga sosa ƙeya, sai ka rantse ba su taɓa ganin dutse ba.

Dagaci ya juya ga Sada. "Malam Sada, ka yi haƙuri. Amma me ya kai ka wurin?"

Sada ya ɗago kai.

"Ina kwance da zazzaɓi na ga hayaƙi. Na je taga, na ji kukan tsaki a ciki. Ƙarfen tagar ya ƙi taɓuwa don zafi. Na koma gida ɗauko gatari in fasa ƙofa, kafin in fito fetur ya tashi. Shi ke nan."

"Don me ba ka faɗa ba tun ranar?"

"Wanda ya kamata ya tambaye ni bai tambaya ba, ranka ya daɗe."

* * *

Aka tafi da Abdurra'uf Gwaram bayan an sauko daga masallaci. Mutane suka yi ta zuwa gidan Badaru suna yaba masa, wanda bai taɓa taka zaurensa ba ma ya zo. Shi kuwa ko ɗaya bai ji daɗi ba.

Washegari ya sayi goro fari manya ya nufi gidan Sada. Ya tarar da shi yana ɗaure tabarma da tukunya da fartanya a bayan keke.

"Ina zuwa haka?"

"Maruta."

"An wanke ka, Sada. Kowa ya san gaskiya yanzu."

"Na sani. Na kuma san wahalar da ka sha, har Birnin Kudu. Na gode, Allah Ya saka." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Ba don su zan tafi ba. Su dama baƙo suka ɗauke ni, ban taɓa sa ran komai a wurinsu ba."

Badaru ya matso kusa da shi. "Na yi kuskure. Ka yafe mini."

"Na yafe tun ina kulle. Amma ka ga, ranar nan ina jin hayaniya na leƙo ta katanga. Na gan ka a gaba, kanka a ƙasa. Na ce a raina, in ya iso zai ɗago ya dube ni, ya ce wa mutane su dakata, ya shigo shi kaɗai ya tambaye ni. Har ka tsaya ba ka ɗago ba." Ya kama kan keken. "Ba zan iya sake zama kusa da kai in yi shiru irin na da ba, Badaru. Shirun ya lalace."

Badaru ya miƙa masa goron. Sada ya karɓa, ya zaɓi ɗaya ya fasa, ya ba shi rabi, ya sa sauran a aljihu. Ya tura kekensa ya bi hanyar rafi, bai hau ba sai da ya wuce gonakin albasa.

Badaru ya tsaya a ƙofar gidan da ba kowa, rabin goro a hannunsa. Ga sawun nan shimfiɗe a kan yashi, sabo fil, ko makaho ya bi shi. Ya daɗe yana kallonsa har idanunsa suka kawo ruwa. Sannan ya juya ya kama hanyar gida.